Furen Tulif: Dabarar Haɗa Iri-iri Lambu Ya Yi Wata Biyu Yana Ado

 Yau a filinmu na noma da lambu za mu ɗan huta da gonakin abinci, mu leƙa wani lambu a ƙasar Holan inda ba a shuka komai sai furanni, domin akwai wata dabarar shuka a wurin da ta cancanci a tsaya a kanta.

Sunan lambun Keukenhof. Yana gefen wani ƙaramin gari mai suna Lisse, kudu maso yamma da birnin Amstadam, faɗinsa hekta 32. Tun shekarar 1950 ake buɗe shi ga jama'a, kuma mako takwas kacal yake yi a buɗe duk shekara, daga wajen ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Cikin waɗannan 'yan makonni mutum fiye da miliyan ɗaya ke shiga kallo. Kowace kaka ma'aikatan lambun suna binne kawunan furanni masu kama da albasa kimanin miliyan 7, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma tulif ɗin da ke ciki ya kai iri 800.

To ga inda tambaya take. Furen tulif in ya buɗe, mako biyu yake yi, in sanyi ya taimaka ya kai uku, in kuwa rana ta buɗe da zafi ko kwana goma ba zai cika ba. Yaya aka yi ke nan wanda ya zo ranar buɗe lambu ya tarar da fure, wanda ya zo ranar rufewa shi ma ya tarar? Abin da za mu warware ke nan yau. Kuma in kun ji na ce bazara a wannan shiri, ta can nake nufi, watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da ƙanƙara ta narke, itatuwa suna toho, gari na sanyi-sanyi. Tamu ta nan kowa ya san irin zafinta.

Wanda bai taɓa ganin tulif ba, ya kawo albasa a ransa. Manoman Aliero da na Galmi za su riga kowa gane wannan tsiro, don a ƙarƙashin ƙasa kai gare shi irin na albasa, da siririn ɓawo ja-ja a bayansa, gindinsa a shimfiɗe, samansa da tsini. Daga wannan kai ganye faffaɗa ke fitowa, kara ɗaya ya miƙe a tsakiya, a bisa karan kuma fure ɗaya mai ganye shida masu launi. In rana ta ɗumama sai furen ya buɗe, in yamma ta yi sanyi ya sauko sai ya tsuke bakinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da shi, a ɓoye yake. In ka ɗauki babban kai a watan Oktoba, kafin a shuka, ka raba shi biyu da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, za ka ga ɗan mitsitsin fure a tsakiya, an riga an gama ƙirarsa, da ganyensa da komai. Tun watannin zafi, yana ajiye a ɗakin ajiya, ya haɗa furen da zai fitar baɗi. Launin da zai yi, tsawon da zai kai, da makon da zai buɗe, duk suna cikin irin da ka saya. Taki da ban ruwa ba za su canja irin ba. Shi ya sa masu wannan sana'a suke gama tsara lambun bazara tun da kaka, a wurin zaɓen kai. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Asalin tulif ba Turai ba ne. Ɗan tsaunukan tsakiyar Asiya ne, Tien Shan da Pamir, wajen Kazakistan, Kirgistan, Tajikistan da Uzbekistan, inda har yau yake fitowa da kansa a gangaren duwatsu. A can watannin zafi busassu ne ƙayau, hunturu kuma ƙanƙara ce ke rufe ƙasa, tsakaninsu 'yan makonni ne na danshi lokacin da ƙanƙarar ke narkewa. Cikin waɗannan makonni tsiron zai fito, ya yi fure, ya tara abinci, ya koma ƙasa ya kwanta. Wannan halin da ya taso da shi bai rabu da shi ba duk inda aka kai shi. Yana ƙin ruwa ya kwanta masa a gindi, sannan ba ya fure sai ya sha sanyi. Sanyin da ake magana, mako 12 zuwa 16 ne a jere ƙasa tana ƙasa da digiri 9 a ma'aunin Salshiyos. A wannan lokaci ne abincin da ke danƙare cikin kan yake narkewa ya koma sukari, wanda da shi kara zai yi tsawo in ɗumi ya dawo. Kan da bai ƙoshi da sanyi ba, ko dai ya yi ganye kawai, ko furen ya maƙale can ƙasa tsakanin ganyaye ba tare da kara ba.

Daga tsaunukan nan ya bi ta Farisa ya shiga Turkiyya, inda sarakunan Daular Usmaniyya ta can suka rungume shi. Wanda ya je Istanbul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul, ya shiga masallacin Rustem Pasha, zai ga zanen tulif a jikin tayil ɗin bango. Har akwai wasu shekaru na mulkin Sultan Ahmed na Uku, daga 1718 zuwa 1730, da masana tarihi ke kira Zamanin Tulif. Turai kuwa ta san shi a ƙarni na 16. A 1559 wani masani ɗan Suwizalan, Conrad Gessner, ya gan shi yana fure a wani lambu a Augsburg ta Jamus, ya rubuta bayaninsa. A 1593 Carolus Clusius ya shuka nasa a lambun jami'ar Leiden, suka yi fure a shekarar da ta biyo. Ƙasar yashi da ke bayan tuddan rairayin bakin tekun Holan ta karɓe shi sosai, ga sanyi mai tsawo, ga bazara mai tafiya a hankali, kuma yau babu ƙasar da ta kai Holan noman kawunan tulif a duniya.

(Ɗan kiɗa)

To mu koma kan tambayarmu. Mutum in ya ji an ce haɗa iri-iri, launi ne ke fara zuwa masa: ja, fari, rawaya, ruwan hoda. Su ma'aikatan Keukenhof abin da suke fara dubawa lokaci ne. Ƙungiyar manoman kawunan furanni ta Holan, wadda ke rajistar sunayen tulif na duniya, ta kasa dubban irin da ake da su gida-gida, kusan 15, amma mai lambu abu uku ya kamata ya riƙe: akwai masu sammako, akwai na tsakiya, akwai 'yan baya.

Masu sammako su ne ke buɗewa ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin da iska ke da ƙarfi, sanyi bai gama tafiya ba. Yawancinsu gajeru ne, kuma gajartar ce ke cetonsu daga iska. Akwai gidan Kaufmanniana, waɗanda ba su cika wuce santimita 25 ba. Akwai Greigii, masu zane-zane ja-ja a jikin ganye, irin su Red Riding Hood, wanda ganyensa kaɗai ado ne tun kafin fure ya zo. Akwai Fosteriana masu manyan furanni, a cikinsu Purissima fari da Madame Lefeber ja wur.

Na tsakiya su ne ƙashin bayan lambu, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa. Gidan Triumph ya fi kowane gida yawan iri, tsawonsu santimita 40 zuwa 50, kara mai ƙwari, launi kuwa sai wanda ka zaɓa. Sai gidan Darwin Hybrid, dogaye masu manyan kai, waɗanda suka fi shahara da Apeldoorn, jan tulif ɗin da aka fitar a 1951.

'Yan baya sai watan Mayu, kuma a nan ne masu ƙirƙirar iri suka fi baje basirarsu. Queen of Night, wanda ya fito a 1944, shunayya ne mai duhu ainun har mutane na ce masa baƙi. Ballerina ruwan goro ne, bakin ganyen furensa da tsini yana lanƙwasa waje, yana da ƙamshi, abin da ba kowane tulif ke da shi ba. White Triumphator ƙirarsu ɗaya, sai dai shi fari ne tas. Angelique ruwan hoda ne mai ganyen fure ninki-ninki. Spring Green fari ne da ratsin kore a baya. Akwai kuma gidan da ake kira na aku, masu yagaggen baki a murɗe.

Wanda ya ɗebi iri ɗaya daga kowane kashi ukun nan ya shuka a fangali guda, to ya sami mako shida zuwa takwas na fure, wannan na sauka wancan na tashi. A Keukenhof har hawa-hawa suke binne su a wuri ɗaya: 'yan baya a can ƙasa, masu sammako a tsakiya, a sama kuma wani ƙaramin fure mai suna krokus wanda ke riga kowa fitowa. Na ƙasa in ya taso ya ci karo da na sama, sai ya kauce ya bi ta gefensa ya fito.

Amma akwai haɗi na biyu, wanda manufarsa dabam ce, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Shi ne wanda kake so launi biyu ko uku su buɗe tare, rana ɗaya, ido ya gan su a cakuɗe. A wannan haɗin dole irin da ka zaɓa su zama tsara a lokaci, su kuma yi kusa a tsawo. In ka sa ja mai sammako da fari ɗan baya kana jiran ka gan su gefe da gefe, ba za su taɓa haɗuwa ba. Kafin farin ya buɗe jan ya zube. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauko 'yan gida ɗaya. Apeldoorn ja yana da ɗan'uwa rawaya, Golden Apeldoorn, wanda daga jikinsa ya ɓullo, don haka tare suke tashi, tare suke buɗewa. Haka Prinses Irene, ruwan goro mai harshen shunayya, ya ɓullo ne a 1949 daga wani tsohon iri, Couleur Cardinal, ja mai duhu. In an cakuɗa su ana samun fangali gajere mai zafin launi. A cikin 'yan baya kuma, Queen of Night da White Triumphator suna fito da juna, shi mai duhun shi kaɗai ɓacewa yake daga nesa, sai an sa masa fari ko ruwan goro a gefe sannan ake ganinsa.

A shagunan can ana sayar da buhun tulif da aka rubuta wa gauraye, mai rahusa, ba suna, ba bayani. Ni dai ba na ba kowa shawarar sa. Araha ba ta ado. Ba ka san wanda zai riga wani ba, ba ka san dogo ba ka san gajere ba, sai bazara ta zo ka ga uku sun buɗe nan, biyu can, sauran suna barci. Gara mutum ya sayi iri uku ko huɗu da ya san sunansu, ya yawaita kowanne, ya yi gaurayen da hannunsa. Launi uku da suka dace sun fi goma da ke rigima da juna. Kuma duk wanda ke neman shuɗi, ya sani babu shuɗin tulif na gaskiya. Waɗanda ake sa wa sunan shuɗi duk shunayya ne. Masu lambu kan cike wannan gurbi da wani ɗan gajeren fure mai suna muskari, shuɗi sosai, su shimfiɗa shi a gaban tulif ko a ƙarƙashinsa.

Yanzu sai shukar kanta. A ƙasashen arewacin duniya ana yin ta daga Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ƙasa ta huce, kafin ta daskare. A Ingila da yawa sukan jinkirta har Nuwamba da gangan, saboda sanyin ƙasa yana rage wata cutar fumfuna da za mu zo kanta. Wurin saye, a matsa kan a hannu: ya zama da nauyi, da tauri, ba laushi, ba tabo, ba fumfuna. In ɓawon ya ɗan tsage ba komai. Girma kuwa da kewaye ake auna shi, kuma mai santimita 12 zuwa sama shi ke ba da babban fure.

A nemi wurin da rana ke samu, ƙasa mai tsane ruwa. In laka ce mai riƙe ruwa, a ɗaga kunya, a cakuɗa da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin dabbobi kada ya taɓa kan, ƙona shi yake. Zurfin rami ninki uku na tsawon kan, wato santimita 15 zuwa 20, tsini yana duban sama, tazara santimita 10 zuwa 15. Shuka mai zurfi tana da amfani biyu, tana riƙe dogon kara kada iska ta kayar da shi, tana kuma wahalar da kurege da ɓera, waɗanda ke tone kan su cinye. Inda suka yi yawa akan shimfiɗa ragar waya a bisa fangalin har sai tsiro ya fara leƙowa. In an gama a ba shi ruwa sau ɗaya, ya jiƙu sosai, daga nan a bar wa ruwan sama.

Kada a jera su layi ɗaya siriri a bakin hanya, ba ya kyau. Tulif da taro yake ado, goma, ashirin, talatin a dunƙule. Masu son gaurayen ya fito kamar ba hannun mutum ba, sukan zuba irin duka a bokiti, su juya, su watsa a kan fangali, kowane kai a binne shi inda ya faɗi, sai dai a ɗan raba waɗanda suka manne.

Wanda ba shi da fili, kamar ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a benaye a Landan, Balin, Toronto ko Ankara, tukunya ta ishe shi. Ta kai zurfin santimita 30 ko fiye, da huji a gindi. A zuba ƙasa, a jera 'yan baya, a rufe da ƙasa kamar santimita 5, a jera na tsakiya ko masu sammako, a sake rufewa, a sa krokus ko muskari a sama. A tukunya ana matsa su kusa-kusa, muddin ba su taɓa juna ba. A ajiye ta waje, a baranda, ta sha sanyin hunturu. In aka shigar da ita ɗaki mai ɗumi don tausayi, an kashe furen. Inda sanyi ke tsananta har ƙasar tukunya ta daskare gaba ɗaya, kamar Kanada, sai a naɗe ta da buhu ko a sa ta a garejin da ba a ɗumamawa.

(Ɗan kiɗa)

Cuta biyu ya kamata mai tulif ya sani. Ta farko ita ce fumfunar da na ambata, wadda ake kira wutar tulif, domin ganyen kan fito a murɗe da tabo kamar an babbake shi. Tana son danshi da cunkoso. Duk tsiron da ya nuna alama a tumɓuke shi da kansa a ƙone, kada a jefa shi a ramin taki, kuma a huta da shuka tulif a wannan wuri har shekara uku.

Ta biyu tana da tarihi mai ban mamaki. A Holan ta ƙarni na 17, wani lokaci tulif mai launi ɗaya sai ya wayi gari da ratsi-ratsi, ja a kan fari ko shunayya a kan rawaya, kamar harshen wuta. Babu wanda ya san dalili, babu mai iya sa shi ya faru, kuma irin waɗannan ba sa yawan 'ya'ya. Sai attajirai suka shiga rububinsu, farashi ya yi ta hawa, har aka koma cinikin kawunan da ke binne a ƙasa ta takarda, mai saye bai gani ba, mai sayarwa bai tono ba. A wani gwanjo a garin Alkmaar ranar 5 ga Fabrairu 1637 an sayi kai guda a kan gilda 5,200, a zamanin da ƙwararren mai sana'ar hannu ke samun kimanin gilda 300 a shekara. Cikin wannan watan kasuwar ta rushe, daga birnin Haarlem aka fara rasa masu saye. An daɗe ana cewa abin ya durƙusar da ƙasar baki ɗaya, amma masaniyar tarihi Anne Goldgar, a littafinta na 2007, ta nuna cewa an zuzuta labarin, asarar ta tsaya ne a kan wasu 'yan kasuwa ƙalilan. Sai a 1928 wata mai bincike a Ingila, Dorothy Cayley, ta nuna cewa ratsin nan cuta ce da ke wucewa daga kai zuwa kai. Ƙwayar bairas ce, kuma darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, su ke yaɗa ta. Yawancin masu ratsin da ake sayarwa yanzu lafiyarsu ƙalau, ratsin a jininsu yake. Amma in ka shuka ja zalla ya fito maka da ratsin da ba ka saya ba, cire shi kafin ya shafa wa sauran.

Bayan fure ya zube akwai aikin da mutane ke yawan sakaci da shi. A tsinke kan furen da ya bushe, don kada tsiron ya ɓata ƙarfinsa wajen yin ƙwayar iri. Manoman Holan ma ba sa jira ya bushe. Gona tana tsakiyar ado za su shigo da inji su sare furannin duka, baƙi masu ɗaukar hoto suna kallo cikin takaici, domin su kan da ke ƙasa shi ne amfanin gonarsu. Ganye da kara kuwa kada a taɓa su har su yi rawaya da kansu, kimanin mako shida. Dalili shi ne, kan da ka shuka ya riga ya ƙare, ya ba da duk abin da ke cikinsa. Sabon kai ne ke girma a gurbinsa da 'yan ƙanana a gefe, kuma ganyen nan ne ke ciyar da su. Wanda ya yanke ganye da wuri don wurin ya yi tsaf, ya yanke furen baɗi.

Ko da an kiyaye duk wannan, yawancin tulif na zamani shekarar farko ce tasu. A ta biyu furen ya ragu, a ta uku sai ganye. Waɗanda suka fi jure dawowa su ne Darwin Hybrid, Fosteriana, Greigii, Kaufmanniana da ƙananan na daji, don haka mai son lambun da ba sai ya sake saye duk shekara ba, ya gina shi a kansu, ya riƙa ƙara 'yan ƙwalisan nan na Mayu a matsayin baƙi. Keukenhof kam in an rufe ƙofa tone komai ake yi, a sake sabon zane. Wanda ke son ajiye nasa sai ya tono su in ganye ya bushe, ya kakkaɓe ƙasa, ya shanya a inuwa, ya ware manya, ya zuba a buhun raga ya rataye inda iska ke ratsawa har kaka.

Ga wani gargaɗi da nake roƙo a riƙe. Kan tulif ba abinci ba ne, kuma da yake ya yi kama da albasa, kada a ajiye shi inda mai girki ko yara za su ɗauka. Yana sa amai da ciwon ciki, yana cutar da kyanwa, kare da dabbobin gida. Gaskiya ne mutanen yammacin Holan sun ci shi a hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, amma wannan uwar bari ce, kuma sai da suka cire tsakiyarsa mai ɗaci. Masu yawan taɓa shi ma su sa safar hannu, yana sa fatar yatsu tsagewa da ƙaiƙayi.

Na san akwai mai saurarenmu a Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram da ke cewa, to Malam, ni fa? Gaskiya ɗaya ce, ƙasarmu ba ta yin sanyin da tulif ke nema. Ko a Jos da tsaunin Mambila, inda aka fi ko'ina sanyi, ƙasa ba ta zama ƙasa da digiri 9 wata uku a jere. A wurare masu ɗumi na duniya firij ake sa wa ya yi aikin hunturu: a zuba kawunan a jakar takarda, a sa a ɓangaren kayan lambu, ba wajen ƙanƙara ba, su yi mako 12 zuwa 14. Kada a haɗa su da tuffa, ayaba ko wani ɗan itace mai nuna, saboda iskar da waɗannan ke fitarwa tana kashe ɗan furen da ke ciki. Daga firij sai tukunya kai tsaye, a tsakiyar sanyin hunturu, a ajiye inda ranar safe kaɗai ke samu. Wannan yana bukatar wutar lantarkin da ba ta yankewa, furen ba zai daɗe ba in rana ta yi zafi, kan kuma ba zai sake yi ba baɗi. Sannan shigo da kai ko irin shuka daga waje sai da izinin hukumar killace tsirrai. Mai hali da sha'awa ya gwada da 'yan kaɗan, a kan tudu mai sanyi ya fi samun sa'a. Mai ɗan kuɗin da yake tattali kuwa, ina ganin ya fi masa ya ɗauki dabarar ya bar tsiron. Muna da namu masu kai a ƙasa, irin su albasar kwaɗi, wadda ke kwance duk rani, ruwan farko na sauka ta fito da manyan furanni farare masu ratsin ja. Wanda ya lura da watan da kowane furen unguwarsu ke buɗewa, ya rubuta, ya haɗa mai riga da mai biyowa a fangali ɗaya, aikin da ake yi a Lisse ke nan yake yi.

Waɗanda tafiya za ta kai su waje a lokacin, ban da Holan akwai bikin tulif na Istanbul a watan Afrilu, musamman a lambun Emirgan. Akwai na Srinagar a Kashmir, a lambun da aka buɗe a 2007 kusa da tafkin Dal. Akwai kuma na Ottawa a watan Mayu, wanda ya samo asali daga kyautar kawuna 100,000 da gidan sarautar Holan ya aika wa Kanada a 1945, godiya ga mafakar da aka ba Gimbiya Juliana da 'ya'yanta lokacin yaƙi. In kuma an ba ka kyautar yankakken tulif, ka yanke gindin karan kaɗan, ka sa a ruwan sanyi mai tsabta nesa da rana, ka bar masa sarari a sama, domin yana ci gaba da tsawo a cikin kwalba, yana karkata wajen haske.